Ruwa na kwance a Usuma, famfo na tari a Kubwa: ina yake maƙalewa?

Duk wanda ya taɓa zama a Kubwa ko Karu ko Nyanya ya san wannan ƙarar. Wajen ƙarfe uku na dare, famfon tsakar gida da aka bari a buɗe tun shekaranjiya sai ka ji ya fara tari, fuuu, kaf-kaf-kaf, iska zalla, can sai ya tofo wani jan ruwa kamar shayin da ba a sa wa madara ba, ya yi shiru, ya sake tofowa. Uwargida ta taɓa ka, "Malam tashi, an kawo ruwa", kai kuma ido a rufe ka hau jawo jarkoki da bokitai da baho, har babbar tukunyar nan da ba a fito da ita sai ranar suna sai an ciro ta. Kafin a kira assalatu ya ɗauke. Yaushe zai dawo kuma, Allahu a'alamu.

Abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne daga Kubwa zuwa dam ɗin da ake ɗebo ruwan nan ba wata tafiya ba ce, in ka kama hanyar Bwari ka ratse wajen Ushafa ga shi nan shimfiɗe tsakanin duwatsu, ruwa iya ganinka. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa kenan. Na ɗan ɗauki lokaci ina tambayar masu aikin famfo, ina kuma bibiyar yadda abin yake aiki, sai na gane mu duk idonmu na kan dam ne, "ai ruwa ya ja baya", "ai bana damina ba ta yi kyau ba", alhali yawancin ciwon a binne yake, cikin bututun da ke tsakanin dam ɗin da ƙofar gidanka, inda ba mai gani, kuma ba wanda ake yi wa tafi in ya gyara.

Bari dai mu faro daga tushe. Yawancin ruwan famfon Abuja daga dam ɗin Usuma yake, wanda aka gina a shekarun 1980 tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a Disamban 1991. Yana can kusa da Ushafa a yankin Bwari, garin nan na masu ginin tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a 2000, manya za su tuna. Da aka ga gari na ta cika sai aka jawo ƙarin ruwa daga dam ɗin Gurara da ke jihar Kaduna, ta wani ƙaton bututu mai tsawon kusan kilomita 75, faɗinsa mita 3, wato ƙato ya shiga ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu bai taɓo samansa ba. Matatar da ke Usuma kuma kashi huɗu ce, biyun farko kowanne an tsara shi ya tace lita miliyan 5 a awa ɗaya, biyun baya kowanne miliyan 10. Haɗa ka gani, miliyan 30 a awa, miliyan 720 a kwana ɗaya in komai na tafiya yadda aka zana. Ko da kowane mutum zai yi amfani da lita 100 a rana, jarka huɗu kenan, ruwan nan ya ishi mutum sama da miliyan 7. A takarda fa na ce.

Tacewar kanta ba wani tsafi ba ne. A zuba alam datti ya dunƙule ya kwanta, a bi da ruwan ta cikin yashi, a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Abin mamakin ma, damina ta fi ba masu tacewa wahala, don ruwa na shigowa a gurɓace da laka, alam ya fi tafiya, yashin ya fi saurin toshewa sai an yi ta wanke shi, shi ya sa wani lokacin ana tafka ruwan sama a waje amma famfo a bushe, mutum ya rasa gane kan abin.

Akwai wata sa'a da Abuja ta yi. Matatar na kan tudu, don haka ruwan da kansa yake gangarowa zuwa manyan tankunan da aka gina a wurare masu tsayi, daga can ya sake gangarowa cikin unguwanni. Ba kamar Kano ba inda sai an tunkuɗo shi da inji daga Challawa da Tamburawa, Nepa na ɗaukewa ruwa ya tsaya cak. Ba wai nan ba a buƙatar wuta ba, matata ba ta aiki ba wuta, kuma akwai tudun da sai an ƙara wa ruwa ƙarfi da inji kafin ya hau, amma dai babban jigilar kyauta ce daga Allah. Sai dai gangara na da nata hukuncin. Ƙarfin ruwa daga tsayi yake zuwa, kowane mita 10 na tsayi na ba da abin da injiniyoyi ke kira "bar" ɗaya a ma'auninsu na ƙarfin ruwa, kuma ka san haka ko a gidanka, tankin da aka ɗora a kan doguwar hasumiya shawarsa ta fi duka. To haka garin gaba ɗaya yake. In babban tanki na cike kowa ya samu, in ya fara yin ƙasa na kan tudu ne ke fara rasawa, na kwari shi ne na ƙarshe. Shi ya sa za ka ga layi ɗaya, gidan ƙasa na wanke mota da tiyo, gidan sama na jiran mai kura, har a fara zargin wai wane ya san wani. Wani lokacin gaskiya ne ya san wani, amma sau da yawa tudu ne kawai.

Yanzu ga inda maganar take. An shimfiɗa bututun Abuja ne bisa tsarin gari, Garki, Wuse, Maitama, Asokoro da tsakiyar birni su ne suka fara samu, sai aka riƙa miƙawa a hankali. Mutane kuwa ba su jira bututu ba. Lugbe ta cika, Lokogoma ta cika, Mpape da Karmo suka tumbatsa, su kansu Kubwa da Nyanya da suke da layi, bututun da aka sa don gida ɗari yanzu gida nawa ke rataye a jikinsa, kowane fili an mayar da shi gidan haya mai ɗaki goma sha. In masu sha suka fi ƙarfin bututu, abin da ake yi a ko'ina a duniya shi ne rabo: a buɗe wa wannan unguwa yau, a rufe, a buɗe wa waccan gobe. Da jin sa ka ce adalci ne. Amma wannan buɗe-rufe ɗin shi ne babban abin da ke kashe bututu, shi ne kuma ke shigo da cuta, kuma ban yarda da haka ba sai da na gani da idona.

Daminar bara wani ɗan kwangila ya zo haƙa kwata a layinmu, katafilarsa ta fizgo bututun ruwa ta tsaga shi. Yaransa suka yanko robar tayar mota suka naɗe wurin, suka mayar da ƙasa, suka yi gaba. Bayan sati biyu ruwa ya fara zuwa da wani ɗan wari, yaran gida biyu suka kwanta da ciwon ciki. Muka yi karo-karo muka kira wani dattijo fulamba, irin tsofaffin nan da suka fi shekara talatin suna wannan aikin, kayan aikinsa duk a cikin wani tsohon buhun shinkafa. Da aka tona, wallahi sai da na kau da kai. Bututun na kwance a ƙasan kwatar, baƙin taɓo ya lulluɓe shi, robar ta saki, ga tsagar kamar tsawon ɗan yatsa.

Na ce, "Baba, ni abin da ban gane ba, in bututu ya fashe ai fita ruwa yake yi, ta ina dattin ke shiga?"

Ya ce, "Ɗana, in da ruwa a ciki kenan. Tsaya ka gani."

Lokacin ruwan ya fara janyewa, saura ɗan tsiyaya. Ya yago guntun leda ya kanga a bakin tsagar, sai ga leda ta manne tsam, bututun na zuƙarta ciki kamar yaro na zuƙar lemo da tsinke. Ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Jiya da daddare da babu ledar nan me kake zaton ya sha?"

To bayanin kenan. Bututun da ke cike da ruwa mai ƙarfi turawa yake waje, ko ya tsage datti ba ya iya kutsawa. Da zarar an rufe bawul, wato makunnin da ake buɗe wa layi ruwa ko a rufe da shi, ruwan da ya rage a ciki zai ci gaba da gangarawa kwari, sai ya bar wofi a bayansa, wofin nan kuma jan duk abin da ke kusa yake, ruwan kwata ne, tsiyayar sokawe ce, fitsarin bayan gida ne, duk ya shige ya kwanta. In aka sake buɗewa, ruwan farko ya kwaso shi ya kawo maka har kicin. Jan ruwan nan na ƙarfe uku, wani tsatsa ne da lakar da ta kwanta, wani kuma Allah kaɗai ya san mene ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuma bangonmu tsagaggen ne a wuri ɗari. Kulorin ɗin da aka sa a matata an sa shi ne da ɗan saura don ya raka ruwa a hanya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata a samu aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a bakin famfo, amma ɗan guzuri ne, in ya yi karo da ruwan kwata ƙarewa yake kafin ya iso. Kuma kada mu manta a 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, Abuja ma ba ta tsira ba. Ba na cewa famfo ne ya jawo duka, rijiyoyi da rafuka na da kaso babba, amma ƙofa ce a buɗe. Don haka in ruwa ya dawo a bar na farkon ya zuba a yi wanki ko ban fulawa da shi, na sha kuma a tafasa ko a sa masa maganin tace ruwa, musamman in da ƙananan yara.

Wannan ɓangaren lafiya kenan. Shi kansa bututun ma wahala yake sha. In aka saki ruwa da ƙarfi cikin bututun da ke cike da iska, ruwan na tafe yana tura iskar, ta matse, ta buga, shi ne wannan kaf-kaf ɗin da kake ji, kuma abin da kake ji a ɗan famfonka kaɗan ne a kan dukan da babban bututu ke sha a ƙarƙashin titi. Yau a cika shi gobe a zazzage shi, kamar ka riƙa lanƙwasa waya kana miƙarwa, dole wata rana ta karye, kuma daga mahaɗa ake fara samun matsala. Akwai bawul na musamman da ake sawa a kan tudu don iska ta fita, in sun toshe ba a kula ba iskar na iya tokare ruwa ya kasa wucewa gaba ɗaya. Masu mita kuma, iskar nan na juya mita kamar ruwa ne, ka biya kuɗin iska. Ka ga an shiga zagaye: ruwa bai isa ba an yi rabo, rabo ya farfasa bututu, fashewa ta ƙara rage ruwa, an ƙara tsananta rabo.

Mu ma kuma ba mu da gaskiya, gara a faɗa. A layinmu akwai wani Alhaji, mutumin kirki ne ba laifi, amma ya haɗa injin jan ruwa kai tsaye a jikin bututun layi, ruwa na zuwa zai kunna, tankunansa uku su cika, mu na ƙarshen layi sai tsiyaya. Da aka yi masa magana cewa ya yi, "To Malam ya zan yi, iyali ne da yawa." Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai injin nan zuƙa yake, kuma zuƙar nan ita ce ke ƙara jawo ruwan kwata ta kowace tsaga a layin, har da wanda zai shiga tankinsa shi kansa. Maƙwabci ya ga haka shi ma ya sayo nasa, na gaba ya sayo wanda ya fi ƙarfi, kowa tasa ta fisshe shi. Yadda ya kamata shi ne ruwa ya shiga tankin ƙasa da ƙarfinsa, daga nan ka tura shi sama da injinka, amma wa zai tsaya. Ga masu jona ta ɓarauniyar hanya da daddare, a huda bututu da ƙusa mai zafi a cusa tiyo a ɗaure da roba, kowace irin wannan jona sabuwar tsaga ce.

Sai batun yoyo, wanda ni a ganina shi ne aka fi rainawa. In babban bututu ya fashe a bakin titi ruwa na feshi sama, kowa zai ɗauka a waya ya sa a Facebook, kuma galibi irin wannan ba ya daɗewa ake rufe shi don abin kunya ne a fili. Wanda ke cinye ruwa shi ne ɗan ƙaramin da ke ƙarƙashin ƙasa ba mai gani. Yi lissafi da kanka: a ce yoyon na cika jarka ɗaya mai lita 25 a minti ɗaya, a kwana jarka 1,440 kenan, lita 36,000, a wata ya haura lita miliyan ɗaya, kuma irin wannan na iya shekara yana zuba, alamar kawai wata ciyawa ce kore shar a tsakiyar rani a gefen hanya, ko wani wuri da kwalta ke yawan lotsawa. Wani rahoton Bankin Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa sama da tan biliyan 32 na tataccen ruwa ke tsiyayewa daga bututun birane a duniya duk shekara. Ruwan da aka riga aka kashe wa alam da kulorin da wuta fa. Zuba ruwa a rariya kenan.

Kuma akwai yadda ake kamo shi, ba sabon ilimi ba ne. Ana yanka gari gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da mita ɗaya babba a mashigarta. Tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare kowa na barci, in mitar nan ta nuna ruwa na ta kwarara to ba mutane ke sha ba, ƙasa ce ke sha. Sai a fito da masu sauraro, wani da sandar ƙarfe kawai yake aiki, ya kafa ta a kan bawul ya kara kunne ya ji shuuu ɗin yoyo, yanzu kuma akwai na'urorin da ke nuna daidai inda za a tona. Ana kuma rage ƙarfin ruwa da daddare a unguwannin kwari, don yawan ƙarfi yawan yoyo. Amma lura da wani abu, duk dabarun nan sai bututu na cike da ruwa dare da rana suke aiki. A unguwar da ƙarfe uku na dare ne kowa ke tsaye a bakin famfo da jarka, ta ina za ka bambance mai sha da yoyo? Rabon ruwan da ya jawo fashewar shi ne kuma ya rufe hanyar gano ta.

Wani abin da Baba fulamba ya faɗa min da ya tsaya min a rai shi ne maganar bawul. Ya ce da, kowane layi da bawul ɗinsa a cikin ɗan rami mai murfin ƙarfe, in wuri ya fashe sai a rufe layin kaɗai a gyara. Yanzu wani an zuba kwalta a kansa lokacin gyaran titi, wani an gina shago a kai, wani 'yan jari bola sun ɗauke murfin rami ya cika da shara, kuma satar murafen ramuka a titunan Abuja ba sabon labari ba ne ga kowa. Bawul ɗin da ya shekara goma ba a murɗa shi ba kuwa ranar da aka buƙace shi ƙin motsi yake, ko ya karye a hannu. Sakamakon shi ne saboda fashewa ɗaya sai a rufe wa unguwa guda ruwa, a zazzage bututun duka, a sake maimaita duk abin da na faɗa a sama. Taswirar inda bututu ya bi ma, a garuruwa da yawa a kan tsofaffin ma'aikata take, mutum ya yi ritaya ya tafi da ita ƙauyensu. Mai katafila kuma ya zo ya haƙa a makance, mai shimfiɗa wayar intanet ya zo ya haƙa nasa.

Duk wannan kuɗi yake ci, kuma nan ne ake yin shiru. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gyaran bututu ba aikin shekara ɗaya a gama ba ne, kullum ne, mota da mai da kayan gyara a sito da ma'aikatan da za su fito ko ƙarfe ɗayan dare. Mutum kuma ya ce ni da ruwa ke zuwa min sau biyu a sati don me zan biya bil, kuma yana da hujja. Ba a biya ba, babu kuɗin gyara, ruwa ya ƙara raguwa, masu biyan ma su daina. Ga manyan ma'aikatu da gidajen manya da a garuruwa da dama su ne kan gaba wajen tara bashin ruwa. Abin haushin, talaka da yake ganin ya tsira daga bil shi ya fi kowa biya. A ce jarka naira 100 ce a wurin mai kura, lita 1,000 jarka 40 kenan, naira 4,000, je ka tambayi mai famfo a Maitama nawa yake biyan lita 1,000 ka ji. Ba laifin 'yan garuwa ba ne, su ma saye suke a bohol su turo kura a rana tsaka su hau tudu da ita, yawancinsu ma 'yan uwanmu ne da suka zo ci-rani, kuma ba don su ba da unguwanni da yawa sun tashi.

Ga kuma halin 'yan siyasa, ba na nan kaɗai ba. Sabon dam ko sabuwar matata ana yanka kyalle, a kira 'yan jarida, a kafa allo da suna. Canza bawul 200 da suka ruɓe a ƙarƙashin ƙasa kuwa ba hoto a ciki.

Akwai garin da ya fita daga irin wannan ramin, shi ya sa ban yarda ƙaddara ba ce. Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, a 1993 bayan shekarun yaƙi kusan kashi 72 cikin 100 na ruwansu ɓacewa yake, ko ta yoyo ko ta sata. Aka ba wani injiniya Ek Sonn Chan hukumar ruwan. Ya sa wa kowa mita, ya canza tsofaffin bututu, ya kafa masu gyara da ke fita dare da rana, ya matsa wa manya da sojoji su ma su biya, aka ƙara kuɗin ruwa a hankali bayan mutane sun fara ganin ruwan. Cikin shekara goma sha biyar asarar ta dawo ƙasa da kashi 10, ruwa kuma awa 24. Abin lura, a lokacin ƙasar ba ta fi mu kuɗi ba.

Nan gida, a watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da babban aikin faɗaɗa ruwan Abuja, na dala miliyan 470 da yawancinsa bashi ne daga Chaina, an shimfiɗa bututun ƙarfe sama da kilomita 400 don kai ruwa sassan da ba su da shi. Gaskiya aiki ne da ake buƙata, don shi ne zai sa ruwan da matata ke iya tacewa ya samu hanyar fita, kuma tsarin zobe da aka yi wa manyan layukan na da amfani, in gefe ɗaya ya samu matsala ruwa na iya zagayowa ta ɗayan. Amma babban bututu ya wuce ta bakin unguwarku daban, ruwa ya shigo gidanka daban, tsakaninsu akwai ƙananan layuka da jona da mita. Kuma sabon bututu in aka haɗa shi da tsohon layi mai tsaga, ƙarin ƙarfin da ya kawo tsohon zai fara fasawa. Ni abin da zan sa wa ido nan da shekara biyar shi ne awa nawa ruwa ke tsayawa a layi a kwana, da kwana nawa fashewa ke yi kafin a rufe ta. Waɗannan biyun sun fi tsawon kilomita gaya maka gaskiya.

Wani zai ce to ai sai kowa ya haƙa bohol ya huta, kuma haka ake yi, duk sabon gida a Lugbe ko Lokogoma da samo ɗinsa, injin nan da ake zurawa cikin bohol ya turo ruwa. Amma ƙasan Abuja dutse ne, ruwan a cikin tsagogin dutsen yake, ba wani kogi ne kwance a ƙasa ba, shi ya sa wani ya samu a kusa maƙwabcinsa ya nutsa ninki biyu ya tashi a tutar babu, kuma in rani ya yi nisa, wajen Maris zuwa Afrilu, sai ka ji samo na jan iska. Fili kuma ƙarami, bohol ɗinka na nan sokawen maƙwabci na bayan katanga taku kaɗan, ba mai gwada ruwan, tunda ya fito garau shikenan. Ko lokacin da ƙasa ta yi motsi a Mpape a Satumban 2018 sai da yawan haƙa bohol ya shigo cikin maganganun da aka yi ta yi, tare da fasa duwatsu. Sannan duk mai hali da ya koma bohol, an rasa mai biyan bil ɗaya, an kuma rasa bakin da in ya yi ƙorafi za a ji, sai layin ya rage wa marasa ƙarfi.

Mu dai a layinmu Baba ya yanke guntun da ya tsage ya sa sabo, ya ɗaga shi daga ƙasan kwatar, ya zura shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi a daidai inda ya tsallaka, ya ce ko kwata ta cika ba za ta taɓa na cikin ba. Warin ya tafi. Da zai tafi na tambaye shi ko akwai irin wannan ɗaurin robar a gaba, ya yi dariya yana ɗaure bakin buhunsa ya ce daga nan zuwa bakin titi shi kaɗai ya san guda huɗu. Ruwan har yanzu ƙarfe uku yake zuwa, kuma da ya fara tari za ka ji injin Alhaji ya tashi.